Jan Idon Hunturu da 'Yar Kwalbar Kemis

Assalamu alaikum Anti. Ni direban adaidaita sahu ne a Kano, shekarata 38, ina jigila tsakanin Kurna da Bata. Duk shekara da hunturu ya kama sai idanuna su yi jajir, in riƙa ji kamar an zuba mini yashi, ga hawaye ba kuka ba. Har ta kai wata fasinja ta hango ni ta madubi ta ce in sauke ta, wai ita ba ta shiga keken 'yan shaye-shaye. Wallahi ko sigari ban taɓa kai wa bakina ba. Shekara uku da suka wuce wani mai kemis ya ba ni maganin ɗigawa, kwana biyu ido ya yi fari tas. Tun daga nan ban rabu da shi ba. Yanzu in na daina kwana uku jan sai ya dawo fiye da da, har da damina ma ina sawa. A jikin kwalbar an rubuta dexamethasone. Yarona ɗan shekara 7 shi ma yana ta murzar ido, farin idonsa ya koma ruwan ƙasa, mako biyu ke nan da na fara ɗiga masa. Mahaifiyata ta ce tozali kawai za a riƙa sa masa, maiɗakina kuma an ce mata a nemi nonon mai shayarwa. Me zan yi in samu sauƙi, in kuma kare idona har sanyin nan ya wuce? Zaman layin asibiti ranar ba balas ke nan.

Wani direba, daga Kano

Wa alaikumus salam, ƙanena. Sannu da fama, Allah ya ba ku lafiya kai da yaron.

Hunturu ka tambaye ni, kuma zan zo kansa. Amma da idona ya kai kan sunan da ka kwafo daga jikin kwalbar nan sai da gabana ya faɗi. Ƙurar da ke damunka tana da ranar tafiya, zuwa watan Maris ta yi gaba. Abin da ke cikin aljihunka kuwa yana nan rani da damina, kuma shi ne zai iya yi maka ɓarnar da ba ta gyaruwa.

A shekarun da na yi ina aikin jinya a ɗakin duba ido akwai wani bawan Allah da har yau ban manta da shi ba. Tela ne, sa'anka ko ya ɗan girme ka. Tabarau ya zo nema, don zare ya fara yi masa gardama a kafar allura. Aka tsayar da shi gaban allon haruffa, ya karanta har layin kusa da na ƙarshe yana murmushi. Da zai shiga wurin likita sai na ga kafaɗarsa ta bugi bakin ƙofa, alhali ƙofar a wangale take. Likita ta zaunar da shi, ta ce ya rufe ido ɗaya ya kalli hancinta, ta miƙa hannu can gefe tana motsa yatsu tana matsowa da su. Sai da yatsun suka zo kusan gaban fuskarsa ya ce ya gani. Aka tambaye shi ko yana sa wani magani. Ya zaro wata 'yar kwalba daga aljihun gaban rigarsa, rubutun jikinta duk ya goge. Ya ce, "Wannan ai ba magani ba ne, na wanke ido ne." Shekara biyar yana wanke ido da shi.

Dexamethasone yana cikin dangin magungunan da ake kira sitiroyid. 'Yan'uwansa su ne betamethasone da prednisolone da hydrocortisone. In ka ga suna a kwalbar maganin ido ya ƙare da "sone" ko "solone", to ɗan gidan ne, ko da an gauraya shi da wani maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su neomycin. Magani ne mai daraja a hannun wanda ya san shi: likitoci na ba da shi bayan aikin ido da kuma lokacin da cikin ido ya kumbura, kuma ya ceci idanu masu yawa. Aikinsa kwantar da kumburi da ja, shi ya sa kwana biyu ka ga ido ya yi fari. Sai dai abin da ya jawo jan yana nan inda yake, lulluɓe shi kawai aka yi. Likitan da ya rubuta shi yakan ƙayyade kwanaki, ya ce ka dawo a yi awo. Mai kemis ya ba ka maganin, bai ba ka awon ba.

Ga abin da ake aunawa. A cikin ƙwayar ido akwai wani ruwa garai-garai, daban da hawaye, wanda ido ke samarwa dare da rana, yana fita ta wata 'yar matata mai kama da rariya a kewayen da baƙin ido ya haɗu da fari. Sitiroyid in ya daɗe yakan cushe rariyar nan, kamar yadda leda ke cushe kwata a unguwa. Ruwa na shigowa, mafita ta ƙuntata, sai matsi ya hau. A ido mai lafiya awon kan tsaya tsakanin 10 da 21. Kusan mutum ɗaya cikin uku, in ya yi mako huɗu zuwa shida yana ɗiga irin wannan magani, nasa yakan hau, wasu 'yan kaɗan kuma ya hau ƙwarai. Matsin nan shi ke danne jijiyar gani da ke bayan ido, wadda ke da zare fiye da miliyan ɗaya, zaren ya riƙa mutuwa sili-sili. Wannan ita ce gilakoma, wadda mutanenmu ke kira hawan jinin ido, ko da yake ruwa ne ya hau ba jini ba. Ba ta zafi, ba ta ƙaiƙayi. Ganin gefe take fara ci, ta bar na tsakiya sai can ƙarshe, shi ya sa telan nan ya karanta allo tsaf amma bai ga ƙofa ba. Kai kuwa da gefen ido kake cin abinci: mai babur da ya kutso ta hagu a shataletale, yaron da ya ɓullo daga bayan tirela, fasinjan da ya ɗago hannu a bakin titi. Zaren da ya mutu kuma shi ke nan, babu allura ko aiki ko tabarau da ke dawo da shi. Idon da ya mutu, in ji Hausawa, kwalli ba ya ta da shi.

Binciken makanta da aka yi a faɗin Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa a cikin waɗanda suka kai shekara 40, gilakoma ce ta biyu wajen makantarwa bayan yanar ido; kusan makaho ɗaya cikin shida ita ce sanadinsa. Mu baƙar fata takan kama mu da wuri fiye da Turawa ko ba a tsokano ta ba, balle an yi shekara uku ana yi mata kirari. Ban da ita, sitiroyid yana kawo yanar ido, irin wadda alamarta ta farko ita ce fitilar motar da ke tahowa da dare ta riƙa watsuwa tana kashe maka ido. Yana kuma rage wa ido ƙarfin kare kansa. Ƙwayar yashi ta karce baƙin ido, abin da da zai warke cikin kwana ɗaya, sai ya zama gyambo, gyambo ya bar hakiya.

Ban ce ka kamu ba. Mutum biyu cikin uku awonsu ba ya hawa sosai, kuma ko ya hau, a wurin mafi yawan mutane yakan sauka cikin 'yan makonni bayan an janye maganin. Amma ni daga nan ban isa in sani ba, kai ma duba madubi ba zai gaya maka ba. Na'ura ce kaɗai ke faɗa, kuma awon bai kai minti biyar ba, ba ya zafi. Don haka kar ka ƙara sayen wata kwalbar. Kar kuma ka jefar da ta hannunka yau ka zauna a gida, domin wanda ya daɗe haka in ya yanke farat ɗaya jan yakan dawo da ƙarfinsa, ya kuma koma kemis a guje. A cikin makon nan ka ɗauki kwalbar ka kai ta wurin likitan ido, shi zai tsara maka yadda za a janye a hankali. Kano ba ta rasa wurin zuwa ba: akwai asibitin ido na ECWA da ke aiki tun 1943, akwai asibitin ido na Makka, akwai sashen ido a Asibitin Murtala da na Malam Aminu Kano, in abu ya yi tsanani ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Ina jin babu makon da ba ka sauke fasinja a ƙofar ɗaya daga cikinsu. Maganar balas na ji ta, kuma ban raina ta ba, na san akwai cefane a ciki. Amma mai keken nan, ranar da ka daina ganin gefe, wani zai miƙa wa makulli kafin azahar. Garin gyaran gira kar a rasa ido.

To, mu koma kan hunturun da ya fara kai ka kemis.

Farar ƙurar nan da kake sharewa a kujerar keke kowace safiya daga nesa ta taso. Yawancinta daga wani kwari ne da ake kira Bodele a arewacin Chadi, wanda a zamanin da gindin wani ƙaton tafki ne. Tafkin ya ƙafe ya bar farar ƙasa mai laushi, ragowar ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa. Iska ta matso ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ta kwashe ta, ta biyo da ita ta Nijar har kanmu. Kuma busasshiyar iska ce ƙwarai. Da rana a Kano danshinta kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Abin da ke fasa leɓe da dunduniya, ya busar da shanya kafin ka juya, shi ne ke aiki a kan idonka.

Saman ido a kullum lulluɓe yake da wani siririn hawaye mai hawa uku: yauƙi a ƙasa da ke manna shi, ruwa a tsakiya, maiƙo a sama. Maiƙon nan daga wasu 'yan ƙofofi yake fitowa, fiye da 20 a bakin kowace fatar ido, jere a bayan gashin ido. Ka lura da miyar da manja ya rufe samanta, ba ta saurin hucewa, tururi ba ya fita. Haka maiƙon ke riƙe ruwan ido. Sanyi na daskarar da shi, ƙura na toshe ƙofofinsa, iska kuma ta kwashe ruwan da ya rage a buɗe. Ido ya bushe ya fara raɗaɗi, sai jiki ya turo hawayen gaggawa, tsinkakke marar maiƙo, wanda ba ya zama sai dai ya gangaro kumatu. Shi ya sa mutane ke yi mini kallon mamaki in na ce musu idon da ke zubar da ruwa a hunturu busasshen ido ne. Adaidaita kuma tana da gilashi a gaba amma gefenta a buɗe yake, iska na kewayowa ta doke ka ta kunne. Ga shi mai tuƙi ba ya yawan ƙiftawa. Mutum a zaune yakan ƙifta wajen sau 15 a minti ɗaya, amma in ya ƙura wa titi ko waya ido sai ya ragu zuwa rabi ko ƙasa da haka, alhali ƙiftawar ce ke shimfiɗa sabon hawaye.

Babban abin da zai canja maka rayuwa a kan titi tabarau ne, amma ba na gayu mai faɗi a gaba kaɗai ba. Nemi mai lanƙwasa da ke rufe gefe har kusa da kunne, kuma guda biyu: mai duhu na rana, wanda aka rubuta UV400 a jikinsa, da fari garai irin na masu aikin injin niƙa ƙarfe, na asuba da bayan magariba. Kar ka yi tuƙin dare da mai duhu ko da fitilu na damunka. In kana sa takunkumi saboda ƙura, ka matse wayar da ke kan karan hanci sosai, in ba haka ba numfashinka sama zai riƙa hawa yana busar da ido yana kuma rufe tabarau da hazo. Labulen gefe ma, ko na ɓangaren da iska ke bugowa ne kaɗai, ka sauke shi da sassafe. In danja ta tsayar da kai, runtse ido sosai sau biyar ko shida kafin ta ba da hannu.

Sai tsumma. Na san halinku: tsumma ɗaya ne na goge gilashi, na goge kujera, na goge hannu bayan an taɓa injin, da ido ya yi ruwa kuma shi ne mafi kusa. Ware wa fuskarka hankici nata, a cikin leda, a wanke shi kullum. Hannun da ya yini yana karɓar canji kuma kar ya je ido sai an wanke shi. Allah ya hutar da mu, muna da alwala sau biyar. In ka zo wanke fuska ka rufe ido ka bi gashin ido da yatsa ka cire ƙurar da ta maƙale. Amma ɗabi'ar nan ta buɗe ido a kwarara masa fiya wata duk bayan awa ɗaya, bar ta. Tana sanyaya ido na minti biyu, ta tafi da ɗan maiƙon da ya rage. Kwarara ruwa na ranar da wani abu ya faɗa ne.

Da dare kafin ka kwanta, tsoma tsaftataccen ƙyalle a ruwan ɗumi, wanda bayan hannunka zai iya jurewa, ka matse ka ɗora a kan rufaffen ido minti biyar zuwa goma, kana sake tsomawa in ya huce. Sannan ka shafa fatar idon a hankali zuwa wajen gashin. Ɗumin yana narkar da maiƙon da ya daskare. Abu ne da ba ya cin ko sisi, kuma cikin duk abin da nake gaya wa mutane shi suka fi rainawa, shi kuma ya fi yi musu aiki in suka jure mako biyu.

In kana son abin ɗigawa da za ka riƙe a aljihu ba fargaba, hawayen kwalba ne, wanda aka rubuta hypromellose ko carboxymethylcellulose ko sodium hyaluronate a jikinsa. Ba ya sa ido fari nan take, jiƙa shi kawai yake yi, kuma abin da idon ke roƙo ke nan. Ɗigo ɗaya ya isa, sau huɗu a yini: ja fatar ƙasa, ɗiga a cikin lungun, rufe ido minti ɗaya, kar bakin kwalbar ya taɓa gashin ido. In ka ga sai ka wuce sau huɗu zuwa shida, nemi irin wanda ba a sa masa sinadarin hana lalacewa ba, mai zuwa a 'yan ƙananan robobi. Kwalbar da aka buɗe, bayan mako huɗu a yar da ita ko da saura. Akwai kuma wasu da ake tallatawa da sunan masu faranta ido, masu naphazoline ko tetrahydrozoline. Su matse jijiyoyin jini suke yi, in suka sake ka jan ya dawo ya fi na da. An gudu daga gara an faɗa gidan zago ke nan. Chloramphenicol ma da kowa ya haddace sunansa na ƙwayoyin cuta ne, bai san bushewa ba.

Wasu ƙananan abubuwa na lokacin sanyi suna ƙara wa wutar fetur. Maganin mura irin su Piriton yana busar da ido kamar yadda yake busar da hanci, ga shi yana sa gyangyaɗi, abin da direba ba ya so. Man zafi da ake shafawa a goshi da hanci, tururinsa na shiga ido. Ƙishirwa ba ta damun mutum a hunturu, sai ya yini a kan shayi kofi biyu. Ajiye gorar ruwa kusa da kai. Wutar da ake haɗawa a tasha da asuba don jin ɗumi, in da taya ko leda a ciki, ka tsaya nesa ta inda iska ke fitowa. A gida kuma kaskon gawayi da turaren wuta da maganin sauro na kunnawa, a ɗakin da aka toshe ko'ina, duk a idon yara suke ƙarewa. Kaskon gawayi ma ya wuce maganar ido: a fitar da shi kafin a kwanta, domin iskar da yake fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kashe mutane a cikin barci. A yayyafa ruwa kafin shara, a rataye jiƙaƙƙen tawul a ɗakin kwana.

Yanzu yaron. Shi kam ka daina ɗiga masa daga yau. Mako biyu bai kai a ji tsoron yankewa ba, kuma awon idon yara ya fi na manya saurin hawa da wannan magani. Yadda ka siffanta shi, murza ba dare ba rana da farin ido da ya koma ruwan ƙasa, ya yi kama da wani alaji, wato rashin jituwar jiki da wani abu, da muke yawan gani a ƙasashe masu zafi da ƙura, ya fi kama yara maza 'yan ƙasa da shekara goma. Wani lokaci har da kwantsa mai yauƙi kamar zare. Ba ya yaɗuwa, kuma yawanci yakan lafa in yaro ya balaga. Launin nan ba datti ba ne, kar a ce sai an wanke shi ya fita. Abin tsoro a cikinsa murzar ce: shekara da shekaru ana murza baƙin ido yakan sa ya yi siriri ya tsiro gaba, gani ya karkace. Amma duka da tsawa ba sa hana yaro sosa inda ke masa ƙaiƙayi. A yanke masa farce, in abin ya motsa a ɗora masa ƙyalle mai ruwan sanyi, shi sanyi ne nasa ba ɗumi ba, a wanke masa fuska in ya dawo daga makaranta da wasa, a roƙi malaminsa ya matsar da shi daga ƙurar alli. Akwai magungunan alaji na ɗigawa marasa wannan haɗari, irin su sodium cromoglicate da olopatadine, likita zai zaɓa masa. Zai kuma juya fatar idon ya duba ko amodari ne. In ka ji ya rubuta masa sitiroyid na 'yan kwanaki kar ka ce Anti ta hana. Shi da na'urar awo a gefensa yake rubutawa.

Maganar Hajiya sai da lallami, don ba da mugun nufi ta faɗa ba, da tozalin ta raine ku. Sanya kwalli kuma sunna ce, ba mai musun wannan. Matsalar dutsen da ake sayarwa a kasuwa ce. Mai ƙyallin nan da ake niƙawa, da yawansa dutsen dalma ne. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Najeriya a birnin Boston da aka samu dalma a jininsa, aka bi sawu har kan tozalin da ake sa masa, da aka auna shi fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Mu kuwa ba sai an yi mana bayanin gubar dalma ba, mun ga abin da ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Yaron da ke murza ido ya kai hannu baki, kai tsaye yake haɗiyar ta, kuma ƙwaƙwalwa take taɓawa. Ga tsinken kwalli ɗaya da ke zaga idon duk gida. Kar ka tsaya jayayya da ita a tsakar gida. Ce mata likita ya ce a dakata da komai har a gama magani. In da hali ma ka tafi da ita asibitin ta ji da kunnenta. Tsofaffi sun fi karɓar magana daga mai farar riga a kan ɗan da suka haifa.

Nono kuwa abincin ciki ne, yana da zaƙi, ƙwayoyin cuta na son sa. Maiɗakinka ta bar shi. Haka ruwan sukari da ruwan albasa da lemon tsami da ruwan ganye, balle fitsari, wanda in mai shi na ɗauke da ciwon sanyi zai iya huda ido cikin kwana biyu. Yawancin waɗannan dabaru a lokacin afolo suke fitowa, ciwon nan da aka fara gani a Ghana a 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 ya sauka a wata, har ya ci sunansa. Shi yana zuwa da kwantsa da kumburi, ya bi gida ɗaya bayan ɗaya, yawanci ya tafi da kansa cikin mako ɗaya ko biyu. Sai a ce ruwan albasa ne ya yi aiki. Naku ba shi ba ne. In tana son ta yi wa yaron wani abu da hannunta, ga karas ya yi araha a wannan lokaci, ga zogale da alayyahu da manja da hanta. Ba za su hana ƙaiƙayi ba, amma suna tsare yaro daga dundumi. Ta kuma duba katin rigakafin ƙannensa, don rani lokacin ƙyanda ne, ita kuma ƙyanda tana cin ido.

Akwai ranar da ba a jiran gobe, kai ko wani a gidanka: ido ɗaya ya kama ciwo mai tsanani har ba ya son haske, ko fari ya ɓullo a kan baƙin ido, ko gani ya ragu farat ɗaya, ko mutum ya riƙa ganin bakan gizo kewaye da fitila ga ciwon kai da amai, ko wani abu ya soki ido. Wannan asibiti ne a ranar, ba a ɗiga komai, ba a ƙoƙarin cirewa. In kuwa ruwan batir ko siminti ko fetur ya fantsama, a nan ne ake kwarara ruwa mai tsafta ba ƙaƙƙautawa, minti 20 cur, kafin ma a nemi abin hawa.

Matar nan da ta ce ka sauke ta, na san maganarta ta fi yashin zafi. Mutum yana neman halalinsa tun asuba a yi masa wannan shaida. Ina kuma zargin ita da irinta ne suka sa kwalbar ta zauna a aljihunka har damina. To ka shirya, domin in aka fara janye maganin idon zai yi ja, watakila fiye da yadda ka taɓa gani, na 'yan makonni. A wannan tsakanin ne mutane ke karaya su koma kemis. Ka gaya wa maiɗakinka tun yanzu don ta tare ka in ta ga ka fara lalube. A titi kuma tabarau ya rufa maka asiri, mai leƙe ta madubi ba abin da za ta gani.

Ranar da za ku je, ku yi sammako, kai da yaron da kwalbar. In likita ya tambaya ka ce shekara uku, rani da damina, kar kunya ta sa ka ce "ɗan lokaci". Faɗa masa in akwai wanda ya makance a danginku ko mai ciwon sukari. Ka roƙa a auna matsin idanun duka biyu, a duba jijiya, a gwada ganin gefe, a kuma rubuta maka lambar awon a katinka don ka san inda ka tashi. Keken kuma ka bar shi a gida. Mai yiwuwa a ɗiga muku maganin buɗe ido don a hango jijiyar, gani zai yi dishi-dishi awa huɗu zuwa shida, rana ta riƙa kashe ido. Ka sanar da mai keken tun daren, ku hau na wani abokin aikinka, kai ma ka zauna a baya yau ɗaya.